Gurbin Yuleidis

Ranar Asabar da hantsi tsakar gidan Doña Etelvina ta cika maƙil, kowa ya kasa kunne ga rediyo, ana jiran jerin waƙoƙi ashirin da suka fi tashe a birnin Valledupar. Matar ɗanta, Yuleidis, tana bakin murhu tana gasa arepa, wato wainar masara, bakinta har kunne. Yau waƙar mijinta Wilfrido za ta fara shiga jerin.

A wajenmu mawaƙi ba ya rufe waƙa bai ambaci wani ba. Idan akodiyon, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, ya ja dogon numfashi a tsakiya, nan ake jefa sunan na kusa da zuciya, kuma abin da ya hau faifai ya hau ke nan. Shekara uku Yuleidis tana sayar da arepa suna ci, gogan naka yana gindin mangwaro yana gyaran baiti, kullum alkawarinsa ɗaya: “Gurbin nan naki ne, ko sama da ƙasa za su haɗe.”

“Ta huɗu!” in ji mai gabatarwa. Gida ya kaure da shewa. Akodiyon ya ja numfashinsa, Yuleidis ta dafe ƙirji, sai ga muryar mijinta tar: “Maryoris Daza, tauraruwar gari!”

Arepa ta ƙone a kasko.

“Wilfrido, wace ce Maryoris?”

Ya sunkuyar da kai. Yayansa Eudes, wanda shi ne manajansa, ya yi caraf ya karɓe zancen: “Haba ƙanwata! ’Yar mai shanun nan ce da ya ɗauki nauyin situdiyo. Suna ne fa kawai — ba aure aka ɗaura ba!”

Yuleidis ta juya ga surukarta. “Mama, har da ke?”

“Ni na ce a sa,” in ji tsohuwar, ko gezau. “Sunan naki miya za mu yi da shi? Ki ci arziki ki yi shiru, ’yar nan.”

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne wata biyu duk gidan sun sani, suna cin girkinta suna mata dariya.

Waƙa ta hau ta biyu, ta ɗare ta ɗaya, ta yi mako shida ba ta motsa ba. A bas ita ce, a kasuwa ita ce. Matan layi kuwa sun samu abin yi: “Yuleidis, ba ni biyu — ɗaya ta Maryoris!” Ba ta yi yaji ba, ba ta ɗaga wa kowa murya ba, sai dai ta ɗauke kujerarta daga gindin mangwaro, inda ta saba zama kusa da mijinta.

“Don Allah ki zage ni ko na samu sauƙi,” in ji Wilfrido.

“Bakinka ne, ka ba wadda ka ga dama. Ni dai na yarda da kai ne, laifina ke nan.”

Ranar bikin gari da la’asar ya hau dandamali. Da aka zo gurbin, bai ma buɗe baki ba dubban mutane suka riga shi: “Maryoris Daza!” Can bakin fili ya hango matarsa tana miƙa wa wani arepa, tana share ido da bayan hannu. Ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya cak.

“Jama’a, na yi muku ƙarya. Matar da ta ciyar da waƙar nan ga ta can bakin kasko. Mai akodiyon, maimaita min wurin!”

Eudes yana ta yi masa alama da hannu, ina! Akodiyon ya ja, Wilfrido ya kwarara: “Yuleidis Mindiola, yafe min!”

Mai shanu ya janye hannunsa, Doña Etelvina ta yi mako ba ta amsa gaisuwar kowa. Wilfrido ya sake ɗaukar waƙar da sunan matarsa, amma ba ta wuce ta tara ba.

“Kin gani ko? Daga ta ɗaya zuwa ta tara!” in ji tsohuwar.

Yuleidis ta mayar da kujerarta gindin mangwaro, ta ƙara muryar rediyo. “Mama, ta tara da sunana ta fi mini ta ɗaya da sunan wata.”

Mahaƙurci mawadaci. Waƙa tana hawa ta sauka, amma wanda ya sayar da alkawari don ya hau, komai daɗewa sai ya sauko ya nemi gafarar wanda ya taka.