Tokar Inna da Yoyon Baƙin Mai

A zamanin da a-kori-kura ɗaya ce tak a ƙauye, an yi wani direba, Ɗanjuma. Kullum safiya sai ya tarar da ɗigon baƙin mai a ƙarƙashin motarsa, ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe. Yau ya rufe, gobe ya rufe.

Rannan mahaifiyarsa ta miƙo masa toka.

"Ɗan nan, wanke injin ka barbaɗa. Haka muke gano inda randa take yoyo."

Ya so ya yi gardama, amma ya karɓa. Ya wanke, ya barbaɗa, ya tayar da mota. Sai ga mai yana tsattsafowa daga wani noti da ya kwance. Ya ɗaure shi tamau.

Da daminar nan motar ce ta kai Inna asibiti, injin ko tari bai yi ba a hanya.