Kofin Da Yaya Take Tokare Ƙofa

Gab da magariba na sauka ɗakin adana kayan tarihi da ke ƙarƙashin bene, inda aka tara lambobin yabon marigayiya yayata. Ita ta kafa maɗaba'a, daga baya ta zama jakadiya. Ni tsohuwar malamar makaranta ce, ba na lamuntar aikin ganganci, kuma ƙorafi ne ya kai ni.

Cikin kyaututtukan akwai wani kofin tagulla mai nauyi. Da shi take tokare ƙofar ofishinta, domin tun da aka taɓa kulle ta cikin maɗaba'ar saboda wani littafi, ba ta ƙara zama a rufaffen ɗaki ba. Na gaya wa ma'aikatan wurin haka. Suka goge shi, suka kulle a akwatin gilashi.

"Haba Malama, lambar girma ce fa, ba dutse ba," in ji mai kula da ɗakin, yana dariya. "Duba abinki, ina zuwa."

Yana hawa sama, ƙofar ƙarfen ta ja kanta ta rufe.

Na murɗa. Na buga. Babu taga, waya ba ta kamawa.

Sai warin ɗanyar tawada ya cika ɗakin. Babu injin ɗab'i a wurin, amma ina jin sa: kacau, kacau. Lambobin suka hau karkarwa a kan ƙusoshinsu.

Sai na ji wata murya.

"Auta."

Mutum ɗaya ce take kirana haka.

"Auta, wa ya rufe ni?"

"Ba ni ba ce, Yaya," na ce cikin raɗa.

Yatsu masu sanyi suka damƙi wuyan hannuna.

Na cire takalmi na fasa gilashin. Na rungumo kofin, na ja jiki, na dire shi a gindin ƙofa.

Injin ya yi tsit.

Ƙofar ta buɗe iya faɗin kofin. Na kutsa ta gefe, mayafina ya maƙale a ciki. Ban waiwaye shi ba.

Har yau shatin yatsun tawada yana hannuna, sabulu ya gaza. Mai kula da ɗakin ya ce iska ce ta rufe ƙofar. Iska a ɗakin da babu taga!

Ina neman shugabansu ya ba ni haƙuri baki da baki, kuma a bar kofin a ƙasa, a bakin aikinsa. Na ji wai sun sayo sabon gilashi. To, mai niyyar mayar da shi ya sani, wannan karon shi Yaya za ta tarar, ba ƙanwarta ba.