Alamar Kashe Inji

"Kamilu, dube ni... Ni ce fa, Rumaisarka!"

Ya dube ta.

"Lafiya lau," ya ce, hawaye na bin kumatunsa.

Tun ranar da ƙarfe ya faɗo masa a ka a kamfanin robobi na Sharaɗa, abin da ya rage a bakinsa ke nan. Yunwa, lafiya lau. Ciwo, lafiya lau. Yana ji, yana gane kowa, amma magana ta ƙi fita.

A kamfanin suka haɗu, shi a kan inji, ita a wajen ɗaure kaya. Ƙara ba ta barin kowa ya ji kowa, sai magana da hannu. In an ɗaga yatsa, ƙara gudu. In an yanka iska da tafin hannu, kashe inji. Su kuma suka ƙirƙiro tasu: in ya dafa ƙirji, wato jira ni a bakin get.

Kawu Labaran, ƙanin mahaifiyarta da ya rako ta, ya gyara zama a kan tabarma.

"Biki ya matso. Babanki ya ce ba zai ba da ke ga wanda ko sunanki ba ya iya kira ba. Da ƙyar na shawo kansa muka zo. Kamilu, in kana son auren nan, faɗi da bakinka."

Kamilu ya yunƙura, jijiyoyin wuyansa suka tashi.

"La... lafiya lau."

"Kawu, don Allah ku bari ya yi da hannu! Wallahi ina gane shi!"

"To, ya yi."

Ta durƙusa a gabansa.

"Masoyina... ƙirjinka kawai za ka dafa. Zan jira. Ko shekara nawa ne, zan jira!"

Ya daɗe yana kallonta. Ya kalli hannunsa na dama da ke kwance a cinya, ba motsi tun ranar hatsarin.

Sannan ya ɗaga na hagu.

Hannun ya nufi ƙirji... ya tsaya.

A hankali ya yanka iska.

"A'a! Kamilu, a'a!"

Ya sake yankawa.

"Me ya ce?" in ji Kawu.

Ta so ta yi ƙarya, amma idon Kamilu na kanta.

"Ya ce a kashe maganar, Kawu."

Sun kai zaure ta jiyo muryarsa daga ɗaki, a dishe, da iyakar ƙarfinsa.

"Lafiya lau! Lafiya lau!"

Ta jingina da bango, ta toshe baki da mayafi.

Ta san sunanta yake kira.