Iskar da Dangi Suka Kwana Uku Suna Jira

"Dutsen guga? A cikin rigar Kaka?!"

Likita ne, saurayina, yake zare min ido a gaban sikelin asibiti. Kaka kuwa, mai shekara tamanin da ɗaya, ko a jikinta.

"Masoyi, kilo biyu ne fa kawai..." na ce.

"Kawai? Ramarta da ƙarfin damƙarta da saurin tafiyarta muke haɗawa mu hango ko ɗinkin hanji zai riƙe bayan an cire mata ciwon daji. In kika ruɗe mu ɗinki ya ɓalle, wa za ki kama?"

Ƙwalla ta cika min ido. Wallahi tsoro ne ya sa na ɓoye mata shi don ta ƙara nauyi. Na ji ana cewa tsohon da ya rame ba a yi masa aiki, ni kuma Kaka ce uwata, ita ce ubana.

"Kai, daina yi wa jikata tsawa," in ji Kaka. "Ni na sa ta. Keken ɗinki ma na so, ya ƙi shiga riga."

Aka ɗaga aikin da sati uku. Ƙwai, madara, zagayen baranda sau goma kullum, Kaka na tafe tana yi wa Likita Allah ya isa. Shi kuwa gogan, ko kallon arziki ya daina min. Abin ya ci min rai ba kaɗan ba.

Bayan an yi aikin ya tara mu, ya ce ba za a san hanji ya farka ba sai ta saki iska. Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, shiru. Kawu da Goggo, dattawa masu mutunci, suka tare a bakin gado suna kasa kunne.

Rana ta uku cikinta ya fara kumbura. Na ga fuskar Likita ta canja, ya juya zai fita. Na bi shi bakin ƙofa.

"Ka yafe min... In na rasa ta, ban san inda zan sa kaina ba."

"Ni ma tsoron nake ji, abar ƙaunata," ya ce. "Shi ya sa na kasa haɗa ido da ke."

Sai muka ji ta. Doguwa, mai amo, har nas ta waiwayo!

"Alhamdulillahi!" in ji Kawu. Goggo ta fashe da kuka. Likita ya goge ido da hannun riga.

Kaka ta buɗe ido ɗaya.

"To, kowa ya ji. Ku je ku sa ranar auren nan, don ba zan maimaita ba."