Taswira ta Huɗu

"Kowa ya kwanta!" in ji Oga Absalom, ya banke ƙofar da ƙafa.

Ba wanda ya kwanta. Ba ma wanda ya ji. Janareto uku ke ruri a gidan nan na unguwar Damilu, ƙarfe biyun rana, tsakiyar azumi.

Zadok na bayansa, rungume da taswira. Ilimin ƙasa ya karanta, aiki ya gagara, fashi ya ɗauke shi. Bai iya bindiga ba, zane ya iya. Taswirarsa ta farko ta nuna unguwannin da babu karnuka, suka je suka tarar da 'yan banga. Ta biyu ta nuna inda aka fi zubar da ƙashin kaza, ta kai su bayan gidan abinci. Ta ukun nan kuwa, wata guda ya yi yana zaga Jimeta yana sauraron janareto, yana ɗiga jan fenti. Inda ja ya fi kauri, nan masu kuɗi suke, a lissafinsa.

Tun da safe Oga ya gaya masa, "In wannan ma ya yi ƙarya, daga gada zan jefa ka Binuwai. Sai ka zana wa kifi."

Mai gidan, Madam Hilda, ta fito sanye da takalmin ruwa.

"Ina kuɗi?"

"Wane kuɗi, ɗana? Kastoma na turawa ta waya. Ƙanƙara nake sayarwa."

Oga ya buɗe firiza na farko — ƙanƙara. Na biyu — ƙanƙara. Har goma sha ɗaya. Ya juyo ya kalli Zadok.

"Oga, azumi ake fa. Ƙanƙara ya fi gwal yanzu."

Oga mutum ne da ba ya fita hannu rabbana. Suka loda buhu shida a Keke Napep, don tun da aka hana babura a garin da shi suke aiki. Ɗanburam direba ya murɗa, keken ya ja jiki kamar tsohon jaki.

Zadok na matse a baya cikin buhuna. Ya ji Oga na cewa, "Ɗanburam, mu sauke kaya a Yolde Pate, sai mu kai Malamin Taswira yawon gada."

Tsoro ya kama shi, amma haushi ya fi yawa. Wata guda yana aiki, ko sannu babu. Ya zaro tsinken kamfas ɗinsa na zane, ya fara huda ledojin ƙanƙarar ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya soma zuba ta bayan keke, siriri, bai yanke ba.

Sajan Deribe ya iso gidan Madam leɓɓansa a bushe.

"Ta ina suka bi, Mama?"

"Ni na sani? Mutum ɗari na jiran ƙanƙara na da magariba."

Sajan ya fito bakin hanya ya tsaya. Rana ta riga ta shanye rabin layin ruwan, amma awakin unguwa sun jeru a kansa suna lasa, jere guda har kwana.

"Ku bi awaki," ya ce wa yaransa.

A wani kango suka ritsa su. Oga ya ɗaga bindigarsa ƙirar maƙera, wadda ta yi tafiyar kwance a ƙarƙashin buhu. Ya danna — ƙyas! Albarushi ya jiƙe. Ɗanburam ya zabura, ya taka ƙanƙara, ƙafa ta karye. Zadok kuwa tun kafin a tambaya hannunsa na sama.

Oga ya samu shekara goma sha huɗu, har yau rantsuwa yake sai ya kashe Zadok. Ɗanburam na ɗingishi. Rabin Damilu da ruwan ɗumi suka sha ruwa ranar. Zadok ya samu shekara bakwai.

Ranar da za a wuce da shi gidan yari, ya tsaya a gaban Sajan Deribe yana murza yatsu.

"Ranka ya daɗe, layin ruwan nan da na zana... ba ku ɓata ba?"

"Ko kwana ɗaya ba mu kuskure ba. Har bakin ƙofa ya kai mu."

Zadok ya share hawaye da hannun da ke cikin ankwa, yana murmushi. Tun da yake zane, ba a taɓa yaba masa ba sai ranar.