Tarun da Fumo Ya Yanke

Ranar da Fumo ya fara ganin jikata Mwanaidi, amai take yi. Ku ji fa, 'yar masunci, jikar masunci, jirgi bai gama barin gaɓar garinmu Watamu ba ta rungume gefensa. Aiki ne ya kai ta. Masu kula da nyangumi, manyan kifayen nan irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa, su suka ɗauke ta tana musu hoton wutsiya. Wai kowanne da zanen wutsiyarsa, kamar yadda kowa da fuskarsa. Fumo ne ke tuƙa jirgin. Ya yanka lemon tsami ya miƙa mata.

"Tsotsa, Malama Wutsiya. Kifin ma kunya kika ba shi, ya nutse."

"Ka kula da injinka, Kyaftin."

Ta dai tsotsa. Tun daga ranar, kullum da lemo a aljihunsa, ko bayan aman ya daina.

Ubanta Shee ɗana ne, taurin kai kuwa na ubansa ya ɗauko, ba nawa ba. Da iskar kudu ta taso, lokacin da nyangumi ke zuwa haihuwa, Mwanaidi ta roƙe shi ya matsar da tarunsa daga hanyarsu. Ya ce shi ya riga kifi sanin teku.

Ba a yi mako ba ɗan nyangumi ya faɗa ciki. Igiya ta naɗe masa wutsiya, ya kasa tasowa ya shaƙi iska, uwar tana ta kewaya shi tana bugun ruwa. Fumo ya matsa da jirgi, ya sa wuƙar nan mai lanƙwasa da masu kula da nyangumi suke ɗaurawa a gora, ya yi ta yanka har ɗan ya kuɓuta.

To, a gaɓar nan ka zagi mutum da safe ku ci kifi tare da rana. Amma taru ba a sa masa wuƙa. Wannan kuma rabinsa saƙar marigayi mijina ne.

"Na rantse," in ji Shee, "ba zai ga 'yata ba sai ya mayar da kowane ido na tarun nan da hannunsa!"

Ya san abin da yake yi. Fumo ɗan mai gyaran inji ne, ko igiyar akuya bai iya ƙullawa ba. Ga Badi mai jirgin 'yan yawon buɗe ido, wanda ke bin nyangumi a guje kamar sun sace masa kaza, shi ma yana neman aurenta, ya kawo sabon taru daga Mombasa ya ajiye a ƙofar gida, yana ta gyaran hula. Shee ya ƙwace wayar yarinya ya kulle a akwati.

Sai saƙo ya fara shigowa tawa wayar. Ni kuwa ban san baƙi ba. Na kai wa Shee.

"Ɗana, karanta min, ko daga asibiti ne."

Ya gyara murya. "Malama Wutsiya, yau na ga uwa da ɗa a bayan dutse, ba ki nan, sai na ji tekun ya yi min faɗi. Ki ba Baba haƙuri. Da zan sake, zan sake yankawa, amma na san abin da na yanke masa ba zare ba ne kawai. Lemonki yana aljihuna." Ya ɗago a fusace. "Inna! Wannan ne asibitin?"

"Oho. Ci gaba, ina jin sauƙi."

Mwanaidi tana bayan labule tana kuka tana dariya. Da yamma ta amsa a wayata, ta karanta min don kar in ce an cuce ni: "Kyaftin ɗina, ka zo ka koyi ƙulli. Bibi, kakata, ta ce za ta koya maka. Ko shekara ce ina nan."

Ban ce ba. Amma tunda an ce na ce, shi ke nan.

Ya zo ya zauna a gindin kwakwarmu da taru a cinya. Gaskiya tsakanina da Allah, ƙullin nan kwana uku ya isa a koya wa mutum. Ni wata uku na yi ina koya masa. Yau idona na ciwo, gobe ƙugu. Ina sane. Mutumin da ke zaune a tsakar gidanka ba a cin abinci a bar shi, ko maƙiyinka ne. Makon farko Shee ya tura masa kwano da ƙafa. Wata na biyu suna cin shinkafar kwakwa a tire ɗaya, ba magana. Wata rana na ji Shee yana cewa, "Kai, ba haka ba, sakarai, kawo nan," ya kama hannunsa ya nuna masa ƙullin marigayi mijina. Na shige ɗaki don kar a ga haƙorana, guda huɗun da suka rage.

Badi ya gaji ya aiko a ɗauke tarunsa. Ko ledarsa ba a buɗe ba.

Aikin bai ƙare ba sai da iskar kudu ta zagayo. Ranar da aka ƙulla idon ƙarshe, Mwanaidi ta dawo daga teku a guje, ta ɗora wa ubanta hoto a cinya. Wutsiya ce, da tabon igiya a kewaye kamar munduwa.

"Shi ne, Baba. Ya dawo. Ya yi girma."

Shee ya daɗe yana kallo. Ya shafa tabon da yatsa.

"Tarun Babana ne ya yi masa wannan?"

"Shi ne."

"Ya je har ƙarshen duniya da shi ya dawo." Ya share ido, ya ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba. Sannan ya juya ga Fumo. "Ƙullinka duk a karkace yake. Ka turo manyanka ranar Juma'a. Gobe kuma ka nuna min inda kifayen nan ba sa bi, can zan kafa tarun."

Aka ɗaura aure nyangumi suna gari. Aka ci shinkafar biriyani, aka sha gahawa da alewar halwa, aka yi wa amarya lalle har gwiwar hannu. Bayan la'asar muka hau dutse, can nesa sai ga feshin nyangumi biyu ya tashi sama. Mata suka rangaɗa guɗa, wai dangin ango sun iso.

Fumo ya durƙusa a gabana. "Bibi, na gode. Ban taɓa sanin ƙulli na da wuya haka ba."

"Yana da wuya ƙwarai, ɗan nan," na ce.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, Ya tsare na cikin jirgi da na ƙarƙashinsa. Ni dai na gode Masa da Ya bar ni na gani da idona, wanda ciwonsa ya warke tun ranar ɗaurin aure.