Baƙuwa Daga Dutsen Kwatarkwashi

Da yammacin wata Laraba, a farkon daminar 1964, Shafa'atu na zaune a bakin murhu tana tuƙa tuwo. Hayaƙi ya kwanta a tsakar gida kamar ba ya son tashi. Mijinta Raufu ya dawo daga gari, ya tuɓe takalma yana alwala a bakin rariya. Can nesa jirgin ƙasa na kuka yana barin tashar Funtua, kaji kuma sun fara shiga akurki. Ba abin da ya raba wannan yammaci da na jiya, har ladan ya ɗaga murya.

Bai kai ƙarshen kiran ba wani abu ya faɗo kan rufin kwano, ya gangaro a hankali ya dira gaban Raufu. Dutse ne ɗan ƙarami, baƙi, mai santsi, da sanyi kamar yanzu aka tsamo shi daga ruwa. Raufu ya leƙa waje don ya kori yaran unguwa, ya tarar lungun ba kowa. Yana tsaye a ƙofar zaure, motarsa da ke ƙarƙashin rumfa ta yi oda, doguwa, alhali makullinta na cikin aljihunsa.

Da ya koma ciki ya iske Shafa'atu ta saki muciya, ta miƙe tsaye ta fuskanci yamma. Tuwo na ƙonewa, ba ta ko waiwaya ba.

"Maigida," ta ce a hankali, "gidan nan ya yi mini kaɗan."

Raufu haifaffen Funtua ne, ko da yake mahaifinsa daga Ilorin ya zo fataucin goro. Makanike ne a gidan gurzar auduga. Shafa'atu kuwa 'yar Tsiga ce. A shekarar da ta gabata ƙyanda ta ɗauke musu ɗansu na fari, tun daga nan dariya ta ƙaurace wa bakinta. Abin ya dami Raufu ƙwarai. Da aka rufe aikin auduga ya samu hutu, sai ya gyara wata tsohuwar mota da ya saya hannun wani Bature mai komawa ƙasarsu, ya ce wa matarsa ta shirya, zai kai ta ta ga Dutsen Kwatarkwashi. Maƙwabta suka yi ta tsiya. Wani ya ce, "Yau ga ɗan Ilori zai ƙona mai don ya kalli dutse!" Raufu bai kula ba.

Tafiyar kuwa ta yi daɗi. Suka bi ta 'Yankara, suka wuce Tsafe, gonaki sun yi tsanwa, manoma na ɗaga fartanya suna gaishe su. Suka tsaya gindin wata ɗorawa suka sha fura da nono. Da motar ta yi zafi ta fara tururi, Raufu ya dinga lallashinta da Yarabanci, Shafa'atu ta yi dariya har da hawaye. Jin wannan dariya ya sa shi ma ya juya baya ya share ido.

Da suka isa gindin dutsen, suka hau har inda ƙafa ta iya. Iska mai sanyi na kaɗawa, mikiya na shawagi a sama. A wani lungu tsakanin manyan duwatsu Shafa'atu ta gano cewa in ta yi magana dutsen na maimaita mata. Ta kira sunanta, ya amsa. Ta yi guɗa, ya mayar mata. Ta koma kamar yarinya. Da rana ta yi sanyi za su sauka, sai ta kewaye baki da hannu ta ɗaga murya cikin wasa, "Ke mai amsawa, taso mu tafi Funtua!"

Suka tsaya suna jira. A wannan karon dutsen bai ce komai ba.

Suka kwana Gusau gidan wani abokin Raufu, washegari suka kamo hanya. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: motar ta yi nauyi ta baya, kamar an ɗora mata buhun gero, ga shi ba komai a kujerar sai kwandon kayansu. Ba su yi mako da dawowa ba aka fara jifan nan.

Daga wannan yammaci Shafa'atu ta kasa zama. In ta zauna, kafin a ƙifta ido ta miƙe. Daga ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa bakin rijiya, ta bi gindin katanga tana shafa ta da tafin hannu kamar mai neman ƙofa. A tsaye take cin abinci, shi ma loma kaɗan. Barci kuwa sai dai ta jingina da bango ta ɗan rufe ido. Da magariba ta gabato duwatsu su fara sauka kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Wani lokaci in Raufu ya yi magana a tsakar gida, sai ya ji an maimaita ƙarshen maganarsa daga cikin rumbu, da wata murya da ba tasa ba. Ya daina magana da ƙarfi. Maƙwabtan da suka yi masa tsiya suka daina bi ta ƙofarsa.

Ya aika Tsiga aka zo da mahaifiyarta, Inna Tasalla. Tsohuwar ta yi wa 'yarta kallo ɗaya, ta ja surukinta gefe.

"Raufu, ka san yarinyar nan ciki gare ta?"

"Inna, da gaske?"

"Da gaske. In kuwa ta ci gaba da wannan sintiri, ba zai zauna ba. Ita ma ban tabbata ba."

Aka yi turare, aka sha rubutu. Raufu ya kai ta asibiti, likita ya ba da maganin barci, ta sha ta ci gaba da zagaye ido a rufe. Ƙafafunta suka kumbura, dugadugai suka tsage, har tana barin sawun jini a daɓe. Wata rana da la'asar sakaliya Inna ta shiga kewaye, kafin ta fito Shafa'atu ta ɓace. A bakin gari Raufu ya cim mata, a tsakiyar hanyar Gusau, ba mayafi, wata babbar motar kaya ta ci birki dab da ita, direban na ta salati. Raufu ya riƙe hannunta, ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Ranar Inna ta ce, "Gobe ka tafi Malumfashi. Ka tambayi gidan Malam Jibo, mai maganin iskoki."

A gona Raufu ya sami Malam Jibo, dattijo ɗan siriri mai sanyin murya, yana noman gyaɗa. Ya saurari labarin duka bai katse shi ba. Da aka zo kan maganar da Shafa'atu ta faɗa a kan dutse, sai ya sa aka maimaita masa ita. Sannan ya wanke hannu ya ɗauki carbinsa.

Sun iso Funtua rana ta kusa faɗuwa. Hadari ya taru a gabas ya ƙi zubowa, garin ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zauna ya fara karatu a hankali. Shafa'atu na bin gindin katanga kamar kullum. Duwatsu suka fara sauka, yau da sauri, har kwanon na rawa. Malam bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba. Sannu a hankali zagayen nata ya riƙa matsowa, yana ƙanƙancewa, har ta zo ta tsaya a gabansa tana huci. Jifan ya ɗauke.

"Zauna," in ji Malam.

Ta zauna. Inna ta toshe baki da gefen zane.

"Assalamu alaikum, baiwar Allah. Wace ce ke?"

Bakin Shafa'atu ya buɗe, amma muryar da ta fito ta tsohuwa ce, mai kauri, da harshen mutanen Zamfara. "Mi kaka so da sunana? Baƙuwa ce ni."

"Baƙuwa ba ta shiga gida sai da izini."

"Da izini na shigo. Tambayi wanga da ke tsaye, yana wurin." Ta nuna Raufu da haɓa. "Tun ba a haifi kakanninku ba nike cikin lungun nan. Kowa ya zo ya yi ihu, in amsa mashi, ya yi dariya ya tahi. Ba wanda ya taɓa ce mani taso. Sai ita."

Malam ya jinjina kai. "Wasa ta yi."

"Ni ban san wasa ba."

"To, kin zo kin ga gari. Kin ji daɗinsa?"

Jikin Shafa'atu ya yi rawa. "Ƙasarku shimfiɗe take kamar faifai. Ko'ina bango, ko'ina ƙarfe na kuka. Ba inda zan hau in sha iska. Na gaji."

"Ita ma kin gajiyar da ita. Dubi ƙafafunta. Ki koma gida."

"Zan koma. Amma da ita zan tahi, ita da na cikinta. Can ba ƙyanda."

Raufu ya yi wani irin ƙara ya yunƙuro, Malam ya ɗaga masa hannu. Malam ya dubi matar, muryarsa ta canza. "Baƙo ba ya tafiya da masu gida. Kin zo da gayyata, shi ya sa na yi miki magana da girma. In kin zaɓi zalunci, akwai wanda ya fi ni ya fi ki." Ya kama karatu, yanzu da ƙarfi, yana tofawa a ruwa yana yayyafa mata. Ta daddage, ta yi kururuwa, kururuwar ta dawo daga rumbu, daga rijiya, daga cikin ɗaki. Gumi ya jiƙe rigar Malam. Duhu ya fara rufe tsakar gida.

"Bari!" in ji muryar. "Bari, na ji. Na bar mata ɗanta, na bar mata kanta."

Malam ya tsaya.

"Amma a mota anka ɗauko ni. Ba ni komawa a ƙasa, 'yan uwana su yi mani dariya. Wanda ya kawo ni shi za ya mai da ni, shi kaɗai. Kuma a gaba zan zauna, inda ta zauna."

Malam ya juya ga Raufu. "Ka ji. Ba zan tilasta maka ba."

Raufu ya dubi ƙafafun matarsa. "Zan kai ta."

"Ba yanzu ba," Malam ya ce wa muryar. "Ki fita daga jikinta yanzu, ki kwana a mota, in an yi asuba ku kama hanya. Ki rantse da Allahn da ya halicce mu ya halicce ku, ba za ki taɓa shi a hanya ba, ba kuma za ki sake tako garin nan ba, ko an kira ki."



"Na rantse."

Shafa'atu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale, Inna ta tare kanta a cinya. A waje suka ji ƙofar mota ta buɗe, ta rufe. Sai ga ruwan sama ya sauko.

Da gari ya waye Raufu ya yi addu'ar da Malam ya koya masa, ya shiga mota. Ta karkata gefen da ba kowa. Wani sanyi na fitowa daga kujerar, da ƙamshin jiƙaƙƙen dutse. Bai dubi wajen ba. Ya wuce 'Yankara, ya wuce Tsafe, manoma na ɗaga masa hannu bai iya amsawa ba. Hannuwansa sun ƙage a kan sitiyari. A wani kwazazzabo motar ta yi tari kamar za ta mutu, ya ji zuciyarsa ta tsinke, sai ta farfaɗo. Da kan dutsen ya bayyana daga nesa, ya ji an sauke numfashi kusa da kunnensa, dogo, irin na wanda ya hango gida.

Ya tsaya inda suka tsaya wancan karon. Ya fita, ya zagaya, ya buɗe ƙofar. "Mun iso," ya ce. Motar ta ɗago ta daidaita. Ciyawar gefen hanya ta kwanta, ta miƙe, abin ya yi sama har ya shige tsakanin duwatsu. Yana rufe ƙofa ya ji magana daga can bisa, ƙasa-ƙasa amma sarai. Bai amsa ba. Ya tada mota.

La'asar ta wuce lokacin da ya shigo gida. Malam Jibo ya riga ya bi motar kasuwa ya koma gonarsa. Inna Tasalla na zaune a ƙofar ɗaki tana tsinke zogale, ta ɗora yatsa a baki. Ya leƙa. Shafa'atu na kwance, an shafe mata ƙafafu da man kaɗanya, tana barci har da ɗan minshari.

"Tun jiya?" ya tambaya cikin raɗa.

"Ta farka da hantsi, ta sha kunu kwano guda, ta tambaye ka, ta koma. Ba ta tuna komai ba." Inna ta dube shi. "Ta sauka?"

"Ta sauka."

"Ta ce wani abu?"

Raufu ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, sai yanzu ya ji gajiya ta danne shi. Ya daɗe yana kallon matarsa ta ƙofa.

"Ta ce in gaishe da Shafa'atu."

Inna ta ajiye zogalen, ta matso kusa da shi.

"Wannan gaisuwar," ta ce, "ka riƙe ta a bakinka har a kai ka kabari."